Daga Kano Zuwa Huaqiangbei: Neman Kwamfutar Da Za Ta Jure Rana

Yawancin waɗanda muka tashi tare daga filin jirgin Malam Aminu Kano 'yan kasuwa ne, wasu na Kantin Kwari, wasu na Farm Center, kowa da lissafin kwantenarsa a ka. Ni kuwa duk abin da na je nema ba zai cika jakar goyo ba. Sana'armu haɗa 'yan akwatuna ce masu gadin rijiyoyin burtsatse na sola. Akwatin yakan auna ruwan da ke cikin tanki, ya duba wutar da famfo ke ja, sannan ya tura wa kwamitin rijiya saƙo ta layin waya. A cikin kowanne akwai cikakkiyar kwamfuta a kan fanel ɗaya, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, da ramukan USB da jerin ƙafafun da ake jona na'urorin awo. A shago sai su yi ta aiki lafiya ƙalau. Da zarar an kai su ƙauye an kafa a jikin ƙarfen tanki, sai wasu su riƙa ɗaukewa suna dawowa, wasu kuma su yi shiru ɗungurungum. Kafin mu haɗa sabon zubi, abokan aiki suka ce gara a je inda ake ƙera kayan a gwada su da hannu. Na zaɓi akwatin da ya fi ba mu wahala na cusa a jaka.

Ta Adis Ababa muka bi, daga can jirgi ya yi sa'o'i goma da 'yan kai kafin ya sauka a filin Baiyun na birnin Gwanzu. Agogonsu ya riga namu da sa'o'i bakwai, lokacin da ake kiran azahar a Kano su suna shirin isha'i. Na sauka a unguwar Xiaobei, masaukin 'yan Afirka tun da daɗewa, a hannun wani Alhaji Bakano da ke yi wa mutane sayayya da lodi. Unguwar cike take da ofisoshin kago da gidajen abincin halal na Musulmin ƙasar. A kan titi ɗaya sai ka ji Hausa, ka ji Larabci, ka ji Bambaranci. Ranar Juma'a ya kai ni masallacin da ke kusa da kabarin da Musulmin birnin ke dangantawa da Sa'ad bn Abi Waƙƙas, ko da yake malaman tarihinmu sun tafi a kan cewa a Madina aka binne shi. Muka kuma leƙa masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiya zagayayyiya, wanda ke cikin mafiya daɗewa a ƙasar Sin.

Da daddare na buɗe masa akwatin. Ya juya fanel ɗin gaba da baya, ya miƙo mini.

"Injiniya, wannan ai ba kayan Gwanzu ba ne. Nan yadi da takalmi da tayil muka sani. Ka hau jirgin ƙasa ka tafi Shenzen. Akwai wani yaro Bazazzagi da ke karatun lantarki a can, zan haɗa ku."

Kasuwar tebur mai mita ɗaya

Daga tashar Gwanzu ta Gabas, jirgin ƙasa kan kai mutum tashar Luohu ta Shenzen cikin sa'a ɗaya da 'yan mintuna. Fasfo shi ne tikiti, shi za ka ɗora a ƙofa ta buɗe. A hanya da ƙyar za ka gane inda wani gari ya ƙare wani ya fara, masana'antun Dongguan ne jere da gidajen ma'aikata har ka isa. Luohu tana kan iyaka da Hong Kong. A 1980 ne gwamnatin Sin, zamanin Deng Xiaoping, ta keɓe Shenzen a matsayin yankin tattalin arziki na musamman, kuma a ƙidayar 2020 mutanen birnin sun haura miliyan 17.

Ɗalibin yana jirana a bakin tasha. Ko gaisuwa ba mu gama ba wasan Kanawa da Zage-zagi ya tashi.

"Yallaɓai, da na san Bakano ne da na zo da ankwa, kada ka ga kasuwa ka ɓace mini."

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na ɗaya, muka fito a tashar titin Huaqiang. Da hawowa sama sai ga Huaqiangbei: titi mai faɗi da aka hana motoci shiga, hagu da dama dogayen benaye, kowanne kasuwa ce mai zaman kanta. Mafi shahara shi ne SEG Plaza, mai hawa sama da 70, wanda aka kammala a 2000. Shi ne benen da ya yi ta rawa a watan Mayun 2021 har aka kwashe mutanen ciki, daga baya aka cire dogayen ƙarafan da ke kansa. A hawa na ƙasa-ƙasa ne kasuwar kayan lantarki take.

A ciki ba shaguna ne irin namu ba. Tebura ne na gilashi, faɗin wasunsu bai wuce mita ɗaya ba, a jere har iya ganinka. Wannan rasista kawai yake sayarwa, a naɗe cikin faifai, dubu biyar-biyar. Na kusa da shi kan caja kala-kala. Na gaba 'yan fitilun LED. Abin da kunne ya fi ji shi ne ƙarar salatif, ana ta ɗaure kwalaye, ga masu kura suna kutsawa tsakanin mutane. Da yamma yara kan dawo daga makaranta su zauna bayan teburan iyayensu suna aikin gida. Ciniki da kalkuleta ake yi, kai ka danna, mai kaya ya danna, biya kuma da waya ta WeChat ko Alipay. Teburin samfur kawai yake nunawa. In kun daidaita, sai a buga waya, kafin ka gama shan ruwa yaro ya kawo kayan daga sito. Kwamfutocin fanel ɗaya kuwa ba su cika yawa a kan teburan ba, ɗalibin ya ce galibi ta Taobao ake odarsu, washegari su iso masauki. Haka muka yi.

Masu ƙera su dai galibi 'yan yankin ne ko maƙwabta. Xunlong mai yin Orange Pi da kamfanin Radxa a Shenzen suke. FriendlyElec mai yin NanoPi yana Gwanzu. Cip ɗin da ke tsakiyar fanel ɗin kuwa, galibi ko na Allwinner ne da ke Zhuhai, ko na Rockchip da ke Fuzhou. Espressif mai ESP32 yana Shanghai. Raspberry Pi, wanda ya buɗe wannan kasuwa, shi ne baƙo a nan: a Kambirij ta Ingila ake tsara shi, mafi yawansa a masana'antar Sony da ke Pencoed a yankin Wales ake haɗawa. Eben Upton da abokansa sun fitar da na farko ranar 29 ga Fabrairun 2012 a kan dala 35, da nufin yaran makaranta su koyi sarrafa kwamfuta. Lokacin ƙarancin cip na 2021 zuwa 2023 ya yi wuyar samu, farashinsa a hannun 'yan sari ya ninka, nan ne mutane da yawa suka fara waiwayar na Sin.

A gaban mai gyara

A wani hawa na sama ɗalibin ya kai ni wurin wani mai gyara da ya saba da shi, mutum mai kimanin shekara arba'in, ga madubin ƙara girma a gabansa, ga ƙarfen dalma, ga injin ba da wuta mai nuna bolt da amp. Na ɗora akwatin, ɗalibin ya bayyana masa ciwon: yana aiki, sai ya mutu ya sake tashi, bayan makonni kuma ya ƙi tashi sam.

Bai tambayi manhaja ba, bai ko kalli fanel ɗin ba. Yatsansa ya bi hanyar wuta tun daga tushe: batir mai bolt 12, ɗan fanel mai rage wuta zuwa bolt 5, kebul ɗin USB, sannan Raspberry Pi 4 da modem ɗin da ke riƙe da sim. Ya ɗora mita a bakin mai rage wutar, ta nuna 5.1. Ya gyaɗa kai. Sai ya zare kebul ɗin daga fanel, ya jona shi da wata 'yar na'ura mai fanka wadda aikinta kawai ta ja wuta gwargwadon yadda aka umarce ta. Ya murɗa a hankali. A rabin amp lamba ba ta motsa sosai ba. Da ya kai amp 2, mita ta faɗo 4.3.

Lissafin ba shi da wuya. Siririyar waya mai tsawon mita ɗaya tana iya yin turjiyar om 0.2 a zuwa, 0.2 a dawowa. In amp 2 ya bi ta cikin om 0.4, bolt 0.8 ya salwanta a hanya. Shi kuwa Raspberry Pi, da zarar wuta ta yi ƙasa da bolt 4.63 yake fara ƙorafi. Ɗalibin ya mayar da kebul ɗin, ya tashi fanel, ya rubuta umarnin vcgencmd get_throttled. Amsa ta fito 0x50005, wato wuta ta gaza a yanzu, ta gaza a baya, kuma cip ya rage gudu saboda haka. Modem ɗin 2G irin SIM800L da ke shan wuta daga layi ɗaya da fanel, duk lokacin da zai yi magana da eriyar sabis yakan fizgi har amp 2 na ɗan ƙiftawar ido. A birni, kusa da eriya, ba ya buƙatar ɗaga murya. A ƙauyen da sabis ke da rauni da dukkan ƙarfinsa yake kira, kuma a daidai lokacin ne fanel ke ɗaukewa.

Mai gyaran ya ɗauko almakashi ya datse kebul ɗin gida biyu, ya feɗe robar. 'Yan zaruruwa ne a ciki, sirara, masu launin tagulla. Ya kawo maganaɗisu kusa, sai ga su sun miƙe sun manne. Ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla. Ya faɗi wata magana yana dariya.

"Yallaɓai, ya ce a gaya maka fanel ɗinka lafiyarsa ƙalau, yunwa ce ke damunsa."

Saura dalilin mutuwar ɗungurungum. Ya zare memorin da fanel ke tashi da shi ya ba ɗalibin, shi kuma ya saka a laftof ya sa manhajar f3 ta bincika, irin aikin da H2testw ke yi a Windows. A jikin memorin an rubuta gig 64, kwamfuta ma haka take gani. Bincike ya nuna ainihin cikinsa gig 8 ne. Irin wannan jabu yakan yi aiki sumul har ranar da bayanai suka cika gurbin gaskiya, daga nan duk abin da aka rubuta ya bi iska, ko ya hau kan wanda ke ciki. Shi ya sa gwajin kwana biyu a shago ba ya kama shi. Araha dai ba ta ado. Mai gyaran ya ƙara da cewa ko memori na ƙwarai ne, in wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu zai iya rikicewa, kuma fanel ɗin da ke mutuwa yana tashi sau da yawa a yini kullum cikin wannan haɗari yake.

A ƙarshe ya ƙwanƙwasa akwatin ƙarfen da yatsa, ya tambayi zafin garinmu. Da ya ji cewa a watan Afrilu Kano kan wuce digiri 40 a inuwa, kuma akwatin a rana yake yini, sai ya girgiza kai. Takardar Raspberry Pi 4 ta ce a yi aiki da shi tsakanin digiri 0 zuwa 50 na zafin wuri. Cip ɗin kansa in ya kai 80 yakan fara rage gudu, a 85 ya rage sosai don kada ya ƙone. Ya ba da shawarar fanka. A nan ne na ga iyakar abin da Shenzen za ta iya koya mana, domin su danshi suka sani, ba su san ƙurar hunturu ba, wadda kan toshe ƙaramar fanka kafin bazara ta zo, ba su kuma san zanzaro da ke gina gida a duk ramin iskar da ya samu ba. Mu abin da ya fi mana shi ne gidan alminiyon mai shan zafi da kansa, farin fenti, rumfa a kai, da raga a kan kowace kafa.

Duk binciken bai kai sa'a guda ba, kuma kayan da aka yi shi da su, mita ce da na'urar jan wuta da maganaɗisu da laftof.

Gwaji a ɗakin otal

Washegari da yamma odarmu ta iso. Muka share teburin ɗaki muka jera su: Raspberry Pi 5, Orange Pi 5, Orange Pi Zero 3, Raspberry Pi Zero 2 W, wani BeagleBone Black da ɗalibin ya aro daga ɗakin gwajinsu, da 'yan fanel ɗin ESP32.

Ɗalibin ya ce kada mu jona talabijin, mu bi ta siriyal, domin a bakin rijiya ba wanda zai kawo maka allo. Wayoyi uku ne kacal: ta ƙasa, ta aikawa, ta karɓa. A jerin ƙafafu 40 na Raspberry Pi su ne ta 6 da ta 8 da ta 10, kuma ta aikawar wannan ɓangare ita ake haɗawa da ta karɓar wancan. In an kunna wannan hanya, ta nan fanel ke faɗin abin da yake yi yayin tashi, har da inda ya maƙale. Yawancin fanel suna magana da gudun 115,200. Da muka zo kan Orange Pi 5, sai wasu haruffa marasa kan gado suka cika fuskar laftof. Wanda bai sani ba zai rantse fanel ya lalace. Ba abin da ya same shi: cip ɗin Rockchip da gudun 1,500,000 suke magana. Kuma ba kowace mahaɗar siriyal ce ke kai wannan gudu ba. Mai tsohon cip CP2102 ba ta kaiwa, mai CH340, wadda ta fi arha ma, tana kaiwa. Ɗalibin ya canja mahaɗa, ya gyara lamba, rubutu ya fito tas.

Wajen gudu babu gardama. Raspberry Pi 5, wanda ya fito a Oktoban 2023, yana da ƙwaƙwalen Cortex-A76 guda huɗu masu gudun 2.4GHz. Cip RK3588S da ke cikin Orange Pi 5 yana da irin waɗannan huɗun, da ƙarin ƙanana huɗu samfurin A55, da wani sashe na musamman na ayyukan ƙirƙirarriyar basira kamar gane hotuna, ga kuma gurbin saka ma'ajiyar NVMe a jikin fanel ɗin. In lambobi kawai za a bi, shi ne gwarzon teburin. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai.

Abu na farko da lambobi ba sa faɗa shi ne ƙafafu. Orange Pi 5 ƙafa 26 gare shi, ba 40 ba. Ko a fanel ɗin da suka kwaikwayi 40 ɗin, lambobin da manhaja ke kiran ƙafafun da su daban ne, saboda haka shirin da aka rubuta wa wani ba ya hawa kan wani sai an yi masa kwaskwarima. Ko a gida ɗaya ma haka ne: tsohuwar manhajar RPi.GPIO da darussa da yawa na intanet ke amfani da ita ba ta aiki a kan Pi 5, saboda an mayar da kula da ƙafafun hannun wani sabon cip mai suna RP1. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne bolt 3.3. Na'urar awon ruwa da ke mayar da amsa da bolt 5, in aka jona ta kai tsaye, tana iya ƙone ƙafar.

Na biyu shi ne manhaja. Kowane fanel na Linux yana tafiya ne a kan karnel, wato zuciyar manhajar da ke magana da kayan ƙarfe. Fanel ɗin RK3588 sun fito ne da karnel na 5.10 wanda Rockchip ya yi wa gyare-gyarensa, daga baya na 6.1, yayin da shigar da cip ɗin cikin babban karnel na kowa da kowa ke tafiya sannu a hankali, da taimakon injiniyoyi irin na Collabora. Ma'ana, wani sashen fanel yana aiki a wannan karnel, wani sai a wancan. Masu aikin sa-kai na Armbian suna cike giɓi mai yawa, kuma kafin mutum ya sayi kowane fanel na Allwinner ko Rockchip ya kamata ya duba matsayinsa a wurinsu. Ƙarfin Raspberry Pi a nan yake: manhaja ɗaya da kamfanin ke sabuntawa tana hawa tsoho da sabo, duk matsalar da ka ci karo da ita wani ya riga ka ya rubuta maganinta, kuma sukan bayyana shekarar da za su ci gaba da ƙera kowane samfur zuwa gare ta. Ga wanda zai kafa akwati hamsin ya kuma nemi kayan gyaransu bayan shekara biyar, wannan ya fi gudu muhimmanci.

BeagleBone Black shi ne dattijon teburin. Tun 2013 yake, ƙwaƙwalwa ɗaya mai 1GHz daga Texas Instruments, ba ya tsere da kowa. Sai dai yana da abubuwan da aikin fili ke so: ma'ajiyar eMMC ta gig 4 da aka like a jikinsa, ba sai da memori ba, da ƙafafu bakwai masu auna boltej kai tsaye har zuwa 1.8, abin da Raspberry Pi ba shi da shi sai an ƙara masa cip irin ADS1115. Akwai kuma samfurinsa na masana'antu da ke jure digiri 85. A ɓangaren Raspberry Pi, mai son eMMC sai ya koma Compute Module 4 na 2020, wanda ake dasawa a kan fanel ɗin da mutum ya tsara da kansa.

Na uku, kuma wanda ya raba gardama, shi ne cin wuta. Muka saka mitar USB a tsakani. Manyan fanel ɗin, ko ba sa aikin komai, suna shan wajen wat 3. A yini da kwana wat-awa 72 ke nan. Ƙaramin batir mai bolt 12 da amp-awa 7 yana ɗauke da wat-awa 84, kuma in ana son ya yi ƙarko rabi kawai ake sha. Dare ɗaya ya kusa cinye rabin. In gari ya waye da hadarin Agusta ko hazon Janairu, farantin sola bai cika batir ba, dare na biyu akwati ya mutu. Pi 5 ma cajar amp 5 yake so, in aka ba shi ta amp 3 sai ya taƙaita wutar ramukan USB zuwa miliamp 600. Zero 2 W, wanda ya fito a 2021 a kan dala 15, yana zama ƙasa da wat ɗaya, amma shi ma da memori yake tashi.

Sai muka juya ga ESP32, wanda ba kwamfutar Linux ba ne, ƙaramin cip ne mai riƙe shiri ɗaya ya yi ta maimaitawa, dangin Arduino da Raspberry Pi Pico na dala 4. Ɗalibin ya rubuta masa ɗan shiri: ya farka, ya auna, ya aika, ya koma barci na minti 15. Da ya yi barci, mitar USB ta nuna sifili, domin cip ɗin a wannan hali 'yan maikuroamp yake sha, ƙasa da abin da mitar ke iya gani. Muka zare masa wuta muka mayar, muka sake, muka sake. Kowane karo kafin ka ƙirga biyu ya dawo bakin aiki. Ba memorin da zai rikice, ba zafin da zai sa a nemi fanka.

Abin da aka saya

Na koma Gwanzu ina ba Alhaji labarin fanel mai ƙwaƙwale takwas, ina yaba shi. Ya saurara har na gama, sannan ya tambayi abin da akwatin ke aikawa.

"Lambobi uku ne, Alhaji, duk bayan rubu'in sa'a."

"To Injiniya, kada ka sayi tirela don buhun gero ɗaya."

A kan haka aka tsaya. Rijiyoyi za su koma ESP32 da modem ɗin 4G mai hanyar wutarsa daban, da gajerun wayoyin tagulla masu kauri da aka like da dalma, da babban kafasita kusa da modem. Fanel ɗin Linux an bar su ga inda aiki ya kai a neme su: inda ake son kyamara, ko taskar bayanai, ko ɗan sabar makaranta da ke raba wa ɗalibai Wikipedia ta manhajar Kiwix ba tare da intanet ba. Su ma da sharaɗi: eMMC ko memori na asali daga dila mai lasisi, a kulle tsarin fayil ya zama na karatu kawai, a kunna mai gadin da ke sake tashin fanel in ya sandare, a kuma saka agogo mai batir irin DS3231, domin Pi 4 ba ya riƙe lokaci in wuta ta ɗauke. Masu cip RK3588 kuwa, wanda aikinsa gane hoto ne a wurin da ke da tsayayyiyar wuta zai ji daɗinsu.

Sayayyar kanta tana da nata tarko. Modem ɗin SIMCom A7670 yana da harafi a ƙarshen sunansa: mai C na kasuwar Sin ne, mai E shi aka yi wa Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka. A kan tebur kamanninsu ɗaya, kuma in ba ka faɗa ba na gida za a miƙo maka. Duk cip ɗin da za ka saya ka tambaya ko sabo ne ko cirarre daga tsohon fanel. Masu teburan ba sa ɓoyewa in an tambaya, kowanne da farashinsa, amma ba sa fara faɗa. Ka karɓi samfur ka gwada kafin ka biya kuɗin ɗari. Caja ka ce mai ƙafa uku irin ta Ingila, don soket ɗinsu ba irin namu ba ne. Kayan da ke da batirin litiyom kuma ka ware su tun a masauki, masu kago hanyarsu daban suke bi da su. Tsarabar yaran shago ba ta wuce mahaɗar siriyal da mitar USB ba, kowa ɗaya-ɗaya.

Ba kowa ne zai samu zuwa Shenzen ba, kuma abin da aka yi a teburin mai gyaran nan babu wanda ba za a iya yi a Farm Center ko Sabon Gari ko ɗakin gwajin kwalejin kimiyya ba. Ga ɗalibanmu masu aikin kammala karatu da matasan da ke haɗa na'urorin gona da na sola: kafin ka tambayi wane fanel ya fi, rubuta aikin da zai yi, da wutar da za ka iya ba shi dare da rana, da zafin wurin da zai zauna, da wanda zai gyara shi in ba ka nan. In na'ura ta ƙi aiki, auna wuta a ƙafar fanel lokacin da yake cikin aiki, binciki memori, duba zafi, karanta abin da siriyal ke faɗa, sannan ka taɓa manhaja. Kuɗin mita da mahaɗar siriyal bai kai na fanel ɗaya ba, su za ka fara saya.